Baba na da ra'ayi amma layi ba ya shiga: tambayoyi da amsoshi

Me ke hana dattawanmu sa baki a muhawarar rediyo, alhali sun fi kowa saurare?

Ido ne da layi. Dattijo a Unguwar Rogo ko Gangare a garin Jos tun asuba rediyo na kunnensa, ya ji Unity FM ya juya BBC Hausa, wadda tun 1957 ake jinta, wasunsu tare suka taso. Amma in aka ce a bugo, mai gabatarwa ya karanto lamba da gudu, kafin Baba ya laluɓo tabarau ya danna lamba 11 samari sun cike layin, in ma ya shiga kati na tafiya ana cewa ya dakata.

To mene ne mafita?

Saƙon murya na WhatsApp, shirye-shirye da yawa yanzu suna ba da lamba. Ka ajiye masa ita da sunan shirin, ka maƙale hirar a can sama. Wahalar tsofaffi ita ce riƙe alamar makirfo, hannu na rawa, yatsa ya zame saƙo ya tafi rabi. Ka koya masa ya danna ya ja sama ta kulle, sai ya yi maganarsa a natse, ya tsayar ya saurari kansa kafin ya tura.

Wayar na jin Hausa ta rubuta da kanta?

E, a 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da ake yi wa Gboard, wato allon rubutu na waya, magana ya rubuta. Sai dai yana tuntuɓe a sunaye da karin magana, balle in akwai hayaniyar keke a waje. Ni dai na fi son muryar ta tafi yadda take.

In rubuta masa abin da zai faɗa?

A'a don Allah, nan ne 'ya'ya ke ɓata abin. Mutumin da ya ga Jos kafin rikicin 2001, ya ga babbar kasuwar Taminus kafin ta ƙone a 2002, ba ya buƙatar aron baki. Naka kawai ka ce, "Baba ku fara da sunanku da unguwa, ku ɗauki magana ɗaya, kar ta wuce minti guda." Gaisuwa ce ke cinye lokacin, a taƙaita ta. Haka Inna, a kai mata wayar har ɗaki in an taɓo tsadar abinci ko kuɗin makaranta.

In ransa ya ɓaci ya yi zafi fa?

Ku saurara tare kafin a tura. Garin nan maganar addini da ƙabila ba a sakinta haka kawai, gidan rediyo ma ba zai sa ba tunda hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin na sa ido, kuma saƙon murya ana iya yaɗa shi guruf-guruf. In ya zagi wani ka ce, "Baba a sake ɗauka."

Wanda ƙaramar waya ce da shi?

Ya yi da taka ko ta jika. A kashe rediyon lokacin ɗauka, a tura tun shirin bai yi nisa ba.