Waiwaye: Jam'iyya ɗaya da tattalin arzikin ƙasar Sin

Tun ranar 1 ga Oktoba 1949, da Mao Zedong ya ayyana kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a dandalin Tiananmen, Jam'iyyar Kwaminis ce ke jan ragamar ƙasar, ba a taɓa yin zaɓen da zai iya kawar da ita ba. A hannunta Sin ta tashi daga talauci ta zama ƙasa ta biyu a ƙarfin tattalin arziki, bayan ta wuce Japan a 2010. Amma akwai matsalar da ta daɗe tana bin wannan tsari: inda ba adawa, ba jarida mai 'yanci, mummunan labari ba ya isa kunnen na sama da wuri.

An ga haka ƙarara daga 1958, lokacin da Mao ya ƙudiri aniyar cim ma Birtaniya wajen samar da ƙarfe. Aka tara manoma a manyan gandaye na haɗin gwiwa, aka gina matoyar ƙarfe a bayan gidaje. Mutane suka riƙa jefa tukwane da kayan noma a wuta don cika adadin da aka ɗora musu, abin da ya fito kuwa galibi bai da amfani. Aka kuma yi gangamin kashe tsuntsayen gwara wai suna cin hatsi, sai ƙwari suka samu sake. Mafi muni, jami'an larduna suka riƙa aika rahoton ƙarya cewa amfanin gona ya ninka, gwamnati ta karɓi kasonta bisa ƙaryar, rumbunan ƙauye suka zama wayam. Ministan tsaro Peng Dehuai ya rubuta wa Mao wasiƙa a taron jam'iyya da aka yi a Lushan a 1959 yana nuna kuskuren, aka tuɓe shi. Daga nan wa zai sake buɗe baki? Ƙiyasin masana ya bambanta, amma da yawa suna cewa mutane kusan miliyan 30 yunwa ta kashe.

Juyin juya halin al'adu, gangamin da Mao ya tayar don kakkaɓe waɗanda yake zargi da kauce wa tafarkinsa, ya ci wasu shekaru goma, har Mao ya mutu a 1976.

Gyaran ma daga ƙasa ya faro. A ƙarshen 1978 manoma 18 na ƙauyen Xiaogang, a lardin Anhui, suka dangwala yatsu a takardar sirri suka raba gonar gandu a tsakaninsu, da alkawarin cewa in an kama wani, sauran za su riƙe masa 'ya'ya. Girbinsu ya yi albarka, shugabannin zamanin Deng Xiaoping, jagoran Sin na wancan lokaci, kuma suka rungumi tsarin maimakon hukunta su. Aka buɗe birnin Shenzhen ga masu zuba jari a 1980, ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001. Bankin Duniya ya ce kusan mutum miliyan 800 sun fita daga ƙangin talauci cikin shekaru 40, kuma babu mai adalcin da zai raina wannan. Sai dai ƙofar kasuwa kaɗai aka buɗe. Da masu zanga-zanga suka nemi ta siyasa a 1989, tankokin yaƙi aka tura musu.

Yanzu injin da ya ja ƙasar ya soma gajiya. Shekara da shekaru ƙananan hukumomi suna samun kuɗi ta hanyar sayar wa kamfanonin gini filaye, kamfanonin kuma su sayar da gidaje tun kafin a gina su. Iyali su haɗa ajiyarsu ta shekaru su biya kafin alƙalami, sannan su ci bashin banki. Da kamfanin Evergrande ya kasa biyan bashi a 2021, da nauyin sama da dala biliyan 300 a kansa, sai ga mutane suna biyan banki duk wata a kan benen da ko tagogi ba a sa masa ba. A 2022 wasunsu suka yi barazanar daina biya. A wannan shekarar ce yawan jama'ar ƙasar ya ragu karon farko tun 1961, abin da tsohuwar dokar haihuwar ɗa ɗaya ta taimaka wajen jawowa, ga tsofaffi na ƙaruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda tsohuwar ɗabi'ar ke dawowa a zamanin Xi Jinping, wanda ya ci gaba da mulki bayan an cire iyakar wa'adin shugabanci a 2018. Hamshaƙin ɗan kasuwar nan Jack Ma ya soki hukumomin kuɗi a Shanghai a Oktoban 2020, cikin 'yan kwanaki aka dakatar da sayar da hannun jarin kamfaninsa na Ant, 'yan kasuwa suka sha jinin jikinsu. A Yunin 2023 rashin aikin yi tsakanin matasan birane ya kai kashi 21.3 cikin 100. Hukumar ƙididdiga ta daina fitar da alƙaluman na wasu watanni, da ta dawo kuma da sabon ma'auni ta zo, wanda ya cire ɗalibai daga lissafi.