Waiwaye: yadda Debian ta fara ƙidayar farin jinin manhajoji

Faifan CD ne ya haifi wannan ƙidaya. A ƙarshen shekarun 1990 yawancin masu amfani da Debian, wani tsarin sarrafa kwamfuta da aka gina a kan Linux, daga faifai suke ɗora tsarin, faifai ɗaya kuwa ba ya ɗaukar fiye da megabayit 650 zuwa 700. Ƙunshin manhajoji, wato manhaja da fayilolinta a haɗe wuri ɗaya don ɗorawa, kuma kullum ƙaruwa yake: Debian 3.0 ta 2002 ta cika faifai 7, Debian 3.1 ta 2005 ta cika 14 da ƙunshi sama da 15,000. Mutumin da ƙarfinsa bai wuce faifan farko ba, me ya kamata ya tarar a ciki? Idan aka bar wa masu haɗa faifan su zaɓa, kowa abin da yake so zai sa gaba.

A 1998 Avery Pennarun ya rubuta wata ƙaramar manhaja mai suna popularity-contest, wadda 'yan Debian suka taƙaita zuwa popcon. Daga baya Petter Reinholdtsen da Bill Allombert suka karɓi kulawa da ita, Allombert ne kuma ya fi daɗewa a kanta. Aikinta shi ne ta aika rahoton abin da ke kan kwamfuta sau ɗaya a mako, a tara rahotannin, a jera ƙunshi daga mafi yawan masu amfani zuwa ƙasa, a cika faifai bisa wannan jeri.

Dabarar da ta bambanta ta da ƙidaya ta yau da kullum ita ce ƙoƙarin raba abin da aka ɗora da abin da ake amfani da shi. Kowane fayil a Linux yana ɗauke da lokacin da aka karanta shi na ƙarshe, wato atime, da lokacin da bayanansa suka canza, wato ctime. Popcon na ɗaukar jerin fayilolin kowane ƙunshi daga dpkg, manhajar da ke ɗora ƙunshi a Debian, ta ware waɗanda ke da ma'ana, kamar na cikin /bin da /sbin da /usr/games da masu ƙarewa da .h ko .pm, ta duba wanda aka taɓa kwanan nan. Daga nan ƙunshin ya faɗa ɗaya daga gida huɗu. Idan an yi amfani da shi cikin kwana 30, ya samu ƙuri'a, vote ke nan. Idan ya wuce kwana 30 ba a taɓa shi ba, old. Idan cikin watan aka ɗora shi ko aka sabunta shi, kuma tsakanin ɗorawar da karantawar ƙarshe bai kai kwana ɗaya ba, sai a ce recent, domin ba a san ko mutum ne ya buɗe shi ko aikin ɗorawar ne ya taɓa shi ba. Idan ba shi da fayil irin waɗanda ake dubawa, no-files. Jimlar huɗun ita ce inst, adadin kwamfutocin da ke ɗauke da shi.

A nan ne matsaloli suka fi yawa, domin atime shaida ne mai rauni. Rubuta lokaci a kan faifai duk sanda aka karanta fayil yana rage gudu, shi ya sa masu kula da manyan kwamfutoci da dama suke kashe shi da zaɓin noatime. A irin wannan kwamfuta lokacin yana daskarewa, sai manhajar da ake buɗewa kullum ta bayyana a matsayin tsohuwar da aka manta. Tun daga Linux 2.6.30 na 2009, abin da ke zuwa kai tsaye shi ne relatime, wanda ke sabunta lokacin aƙalla sau ɗaya cikin awa 24. Wannan bai cutar da popcon ba tunda ma'auninta wata ne. Kishiyar matsalar ta fi ɓoyuwa: manhajar ajiyar kwafi ko mai binciken lafiyar fayiloli da ke karanta komai da daddare tana sa kowane ƙunshi ya samu ƙuri'a, har wanda mai kwamfutar bai san da shi ba. Sannan akwai manhajar da aka kunna tun watanni uku tana ta aiki ba a kashe ta ba. Don irinta popcon ke leƙa fayilolin maps da ke ƙarƙashin /proc ta ga abin da ke cikin ƙwaƙwalwa a lokacin, ta ƙirga shi a matsayin mai aiki. Ranar da aka fitar da gyaran tsaro ga wani ƙunshi da ba kullum ake buɗe shi ba, layin vote nasa yakan faɗi, na recent ya tashi. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauka jama'a ne suka guje shi.

Hanyar aikawa ma ta taɓa rage lissafin. Da farko ta imel ake turawa, kwamfutocin gida da yawa kuma ba a saita su su fitar da imel da kansu ba, sai rahoton ya maƙale. Ƙara hanyar HTTP ya magance wannan. Babban tsalle ya zo da Debian 4.0 a Afrilun 2007, lokacin da manhajar ɗora tsarin ta riƙa tambayar kowa ko zai shiga ƙidayar. Amsar da ke kan allo tun farko a'a ce, har yau ma haka take, don haka duk mai danna Enter yana wucewa ba ya cikin lissafi. A shekarun baya-bayan nan masu aika rahoto sun haura 200,000.

Kowace kwamfuta na da lambar shaida da aka ƙirƙira ba tare da tsari ba, tana cikin /etc/popularity-contest.conf a layin MY_HOSTID. Sabon rahoto yana maye gurbin tsohon mai lamba ɗaya, wanda ya kwana 20 ba a sabunta ba kuma ana fitar da shi. Abu biyu ke biyo baya. Makarantar da ta shirya kwamfuta ɗaya ta kwafe faifanta zuwa guda 40, dukkansu lamba ɗaya suke ɗauke da ita, a lissafi kwamfuta ɗaya ce, sai in an goge lambar an sake gudanar da dpkg-reconfigure popularity-contest a kowace. Kwamfutar da ke yin makonni ba wuta ko ba data kuwa tana ficewa daga ƙidayar gaba ɗaya, alhali ita ce ainihin wadda aka jera faifan dominta.

Game da sirri, masu aikin ba su taɓa alkawarin cikakkiyar kariya ba. Jerin manhajojin mutum yana iya tona shi idan akwai ƙunshin da 'yan ƙalilan ne ke da shi. Abin da aka yi shi ne dunƙule lokutan zuwa ninkin awa 12, rufe rahoton da GPG, manhajar kulle saƙo, idan akwai ta, da ba da damar turawa ta Tor, hanyar da ke ɓoye inda saƙo ya fito.

Ƙidaya daban, nuna wa mai zaɓen manhaja ita daban. Ubuntu, tsarin da aka gina a kan Debian, ce ta gwada na biyun a fili: a lokacin tana da nata popcon, kuma tsohuwar tagarta ta ƙarawa da cire manhajoji, gnome-app-install, tana juya lambobin zuwa taurari a gefen kowane suna. Tauraro kuwa a idon mai kallo inganci yake nufi, alhali abin da aka auna yawa ne. Duk abin da ke zuwa tare da tsarin yana samun taurari ko da ba wanda ya zaɓe shi, na sama kuma shi sababbi ke ɗauka, ya ƙara hawa. Kamar kasuwa ce, inda rumfar bakin ƙofa ke cinye ciniki. Ubuntu Software Center ya maye gurbin tagar a 2009, a 11.04 aka kawo taurarin da mutane ke bayarwa da hannunsu tare da sharhi. A 2020 Ubuntu ta cire popularity-contest daga abubuwan da take ɗorawa kai tsaye, bayan ta bayyana cewa tsarin ya daɗe ba ya aiki.

Debian ba ta sa lambar a cikin bayanin ƙunshi da umarnin apt show ke nunawa ba, kuma wannan ya fi kama da hikima fiye da sakaci. Lambobin suna popcon.debian.org a fayilolin by_inst da by_vote, shafin kowane ƙunshi a tracker.debian.org kuma yana kai mutum ga jadawalinsa. Sai dai nauyinsu ya ƙaru ta wata ƙofar. Mai neman a cire ƙunshin da ba mai kula da shi yakan kafa hujja da ƙarancin popcon. Tun 2013 kuma ana fitar da ƙunshi masu manyan kurakurai daga reshen testing, inda ake shirya fitowar Debian ta gaba, ba tare da sa hannun mutum ba, amma akwai jerin muhimman ƙunshi da wannan bai shafa ba, ɗaya daga hanyoyin shiga jerin kuwa ita ce a same ka a fiye da kashi 5 cikin 100 na kwamfutocin da aka ƙirga. Manhajar da likitoci ko masu wani harshe kaɗan suka dogara da ita ba za ta kusanci wannan adadi ba.

Sauran tsarukan Linux sun bi hanyoyinsu. Arch tana da pkgstats, wanda mutum ke ɗorawa da kansa, a AUR kuma, ma'ajiyar da masu amfani da Arch ke zuba ƙunshi suna jefa musu ƙuri'a, kowace ƙuri'a ana ninka ta da 0.98 a kowace rana, sai ta rasa rabin ƙarfinta cikin kusan kwana 34, don kada tsoffin ƙuri'u su danne sabon abu. Fedora ta ƙi shawarar ba kowace kwamfuta lambar shaida, a Fedora 32 ta 2020 ta kawo countme, wanda sau ɗaya a mako ke liƙa lamba daga 1 zuwa 4 a kan buƙatar da kwamfuta ke aika wa ma'ajiyar manhajoji, mai nuna daɗewar tsarin a kan kwamfutar. Kwamfutoci yake ƙirgawa, ba ya faɗin abin da ke kansu.

Mai son karanta lambar Debian daidai ya raba vote da inst, ya kwatanta ƙunshi da takwarorinsa kawai, edita da edita, bayan ya duba ko ɗaya daga ciki yana zuwa tare da tsarin, kamar nano da vim-tiny, ko wani ƙunshi ne ke jawo shi. Ƙunshin da no-files ya rinjaye shi, irin na haruffa da takardun bayani, vote ɗinsa ba shi da amfani. Rahoton da kwamfutarka ta aika yana /var/log/popularity-contest, umarnin popcon-largest-unused kuma yana amfani da shi ya jera maka manyan ƙunshin da ka daɗe ba ka taɓa ba, muddin faifanka ba ya kan noatime.