Takardar likita kaɗai ba ta wanke ɗan wasa: yadda ake samun izinin shan maganin da aka hana

Dokar yaƙi da shan magungunan ƙara kuzari a wasanni ta ginu ne a kan ƙa'ida mai tsauri: duk abin da aka samu a fitsari ko jinin ɗan wasa, alhakinsa yana wuyansa, ko da gangan ya sha, ko likita ne ya rubuta masa, ko mai horar da shi ne ya miƙa masa a bakin fili. Hukumar duniya mai kula da wannan yaƙi, wadda ake kira AMA da Faransanci, WADA kuma da Ingilishi, an kafa ta a 1999, mazauninta yana Montireyal a Kanada, kuma kowace shekara tana fitar da jerin abubuwan da aka hana, wanda ke fara aiki ranar 1 ga Janairu. Wanda ya duba jerin nan zai tarar da cewa da yawa daga cikinsu magunguna ne na yau da kullum da ake samu a farmasi a Damagaram: insulin na masu ciwon sukari, ƙwayoyin sa fitsari irin su furosemid da ake ba masu hawan jini, wasu magungunan fuka, da masu kashe zafin ciwo. Tun da ɗan wasa ma mutum ne mai rashin lafiya, doka ta tanadar masa izini na musamman na shan irin wannan magani don jinya, wanda takardun da ake cikewa a Nijar ke kira AUT.

Ba likitan da ya duba ɗan wasa ne ke ba da wannan izini ba, kuma a nan ne ake yawan tuntuɓe. Likita yana rubuta magani, ya cike ɓangarensa na takardar neman izini, ya sa hannu, amma hukunci yana hannun wani kwamiti na likitoci aƙalla uku waɗanda ba su da alaƙa da ɗan wasan ko ƙungiyarsa. Wanda ke wasa a matakin ƙasa yana miƙa buƙatarsa ga hukumar yaƙi da ƙara kuzari ta ƙasarsa, ko ofishin yanki da ke yi wa ƙasar wannan aiki. Hanya mafi sauƙi ga ɗan wasan Damagaram ita ce ya tambayi likitan tarayyar wasansa a Yamai inda za a aika da ita. Wanda ya kai matakin duniya, irin matsayin da Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya taka a tekwando da ya ciyo azurfa a Riyo a 2016, tarayyar wasansa ta duniya yake rubuta wa. Masu shirya manyan gasanni kamar Olamfik su ma suna da nasu kwamitin, don haka izinin da aka samu a gida sai an amince da shi a can kafin ya yi aiki.

Kwamitin yana auna buƙata da sharuɗɗa huɗu, kuma sai dukkansu sun cika. Dole ciwon ya zama tabbatacce, wanda aka gano ta hanyar bincike, da sakamakon awo a rubuce. Dole maganin ya tsaya ga mayar da mutum yadda yake lokacin da yake lafiya, ba tare da ya ƙara masa wani ƙarfi a kan haka ba. Dole ya kasance babu wani magani halattacce da zai iya yin aikin daidai gwargwado. Na ƙarshe, kada ciwon ya zama ɗan wasan ne ya jawo wa kansa ta hanyar shan abin da aka hana tun da farko, kamar wanda ya daɗe yana allurar ƙara tsoka har jikinsa ya daina samar da sinadarin da kansa, sannan ya dawo yana neman a halatta masa.

Sharaɗin farko ne ya fi ba mutanenmu wahala, kuma a ganina shi ya kamata masu horarwa su fi mayar da hankali a kai. Ɗauki yarinya mai gudun dogon zango da fuka ke tasar mata duk lokacin hunturu, idan ƙura ta rufe gari har ba a hango duwatsun unguwar Birni ta Damagaram sosai. Ta san ciwonta, iyayenta sun sani, mai farmasin unguwa ma ya san maganin da take saye. Amma kwamiti bai san ta ba, takarda kawai yake karantawa: yaushe ciwon ya fara, wane awon numfashi aka yi, me ya nuna, waɗanne magunguna aka gwada suka kasa. Idan duk abin da ke hannunta guntuwar takardar magani ce da ta sha ninki a cikin jaka, za a mayar mata da buƙatarta a ce ba ta cika ba. Saboda haka ɗan wasa mai ciwon da ke dawowa ya kamata ya riƙe katinsa na asibiti da sakamakon kowane awo, ya kuma gaya wa likita tun shigarsa ɗaki cewa shi ɗan wasa ne da ake iya yi wa gwaji, domin sau da yawa akwai wani magani da ba ya cikin jerin.

Sha'anin fuka ma yana nuna cewa hanyar da magani ya bi ya shiga jiki tana da muhimmanci kamar sunansa. Salbutamol na shaƙa, wanda aka fi sani da Ventoline, ba ya buƙatar izini muddin bai wuce maikirogiram 1600 a cikin awa 24 ba, kuma bai wuce 600 a cikin awa 8 ba. Shi dai wannan magani idan ƙwaya ce ko na ruwa, haramun ne a kowane lokaci sai da izini. Haka dangin kotizon, magungunan rage kumburi irin su dekisametazon: na shafawa a fata ba laifi, amma na haɗiya an hana shi lokacin gasa, kuma tun 2022 hanin ya haɗa da kowace irin allurarsa. Tramol, wanda ba sai an gabatar da shi ga kowa a nan ba, ya shiga jerin abubuwan da aka hana lokacin gasa daga 1 ga Janairun 2024. Lokacin gasa kuwa, a yawancin wasanni, yana farawa ne daga ƙarfe 11:59 na daren jajibirin wasa har zuwa kammala ɗaukar fitsari.

Akwai kuma ƙarin ruwa, wanda mutane da yawa ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Doka ta hana a sa wa ɗan wasa fiye da mililita 100 ta jijiya a cikin awa 12, ko da ruwan gishiri ne zalla, sai dai idan jinyar asibiti ce, ko tiyata, ko wani bincike na likita. Ɗan ƙwallon da zazzaɓin cizon sauro ya kayar, aka kira ma'aikacin jinya gida ya rataye ledar ruwa ta mililita 500 a ƙusar bango, ya faɗa cikin abin da ke buƙatar izini, alhali da an kwantar da shi a asibiti babu wannan magana.

Game da lokaci, ƙa'ida ita ce a nemi izini kafin a fara shan maganin. Idan na hanin lokacin gasa ne kaɗai, a miƙa buƙata aƙalla kwana 30 kafin gasar, kwamiti kuma yana da kwana 21 daga ranar da takardu suka cika ya ba da amsa. Doka ba ta ce mutum ya zauna da ciwo yana jiran takarda ba: idan rai ko lafiya na cikin haɗari, a yi jinya nan take, daga baya a nemi izinin da zai koma baya ya rufe abin da ya wuce. Ana kuma ba da irin wannan dama ga ɗan wasan da bai kai matakin ƙasa ba idan gwaji ya faɗo kansa. Sai dai neman izini daga baya caca ce, domin idan kwamiti ya ƙi, sakamakon gwajin yana nan, dakatarwa kuma kan kai shekara biyu, ko huɗu idan aka ɗauka da niyya aka yi. Wanda aka hana yana da damar ɗaukaka ƙara, na matakin duniya har zuwa kotun wasanni da ke Lozan a Suwizalan.

Tsarin bai tsira daga zargi ba. A 2016 wasu masu kutse a kwamfuta sun fallasa bayanan jinyar manyan ƴan wasa, aka ga cewa ɗan tseren keke na Birtaniya Bradley Wiggins ya samu izinin allurar wani kotizon mai ƙarfi gab da manyan tsere, har da zagayen Faransa na 2012 da ya lashe. Bai karya doka ba, ya kuma musanta cewa ya nemi fifiko, amma muhawarar ta nuna cewa mai likitoci da lauyoyi ya fi sanin ƙofofin dokar, yayin da namu ƴan wasan ko labarin takardar ba su cika ji ba.

Izinin da aka bayar yana ɗauke da sunan magani, da yawansa, da hanyar shansa, da ranar ƙarewarsa. Idan likita ya ƙara yawan ko ya canza ƙwaya zuwa allura, sai an koma wa kwamiti, kuma sabuntawa aikin ɗan wasa ne tun kafin wa'adi ya cika. Ranar gwaji za a tambaye shi duk abin da ya sha a kwana 7 da suka wuce, ya rubuta har da lambar izininsa. Jiƙon da aka haɗa a kwalba, ko ƙwayar da aka saya a tiren mai talla a tasha ba tare da kwalinta ba, babu kwamitin da zai ba da izini a kansu, tun da babu likitan da zai iya rubuta abin da ke ciki ko yawansa.