Wai a ina kunkurun teku yake zama ne?

Mu nan Katsina teku ta yi mana nisa, ruwan da muka sani sai dam ɗin Zobe da Jibiya da Ajiwa, mutanen Daura kuma Sabke, shi ya sa yara suke yawan yin waɗannan tambayoyin in sun ga bidiyon halittun ruwa a waya.

Shi ne irin kunkurun da muke gani a daji?

A'a, dangi ne dai. Na daji a tudu yake rayuwa, kififfiya tana ruwan daɗi na kogi da tafki, shi kuwa wannan ruwan gishiri ne gidansa. Ƙafafunsa faffaɗa ne na iyo kuma ba ya iya maida kai cikin ƙoƙonsa ya ɓuya. Iri 7 ne a duniya, babbansu mai baƙar fata a baya yakan wuce kilo 500, wato buhun masara biyar fa.

To wane waje a tekun?

Kowa da unguwarsa. Koren kunkuru yana kusa da gaɓa inda ruwa ba zurfi, ciyawar ƙarƙashin ruwa yake kiwo. Wani mai baki irin na shaho yana cikin duwatsun murjani, akwai shi a Bahar Maliya ta wajen Jidda. Shi kuwa babban nan matafiyi ne, yana ratsa tekun Atilantika har ruwa mai sanyi, yana nutsewa fiye da mita 1,000, amma duk da haka huhu gare shi, dole ya taso sama ya shaƙi iska in ba haka ba ya mutu.

Yana fitowa tudu?

Macen ce take fitowa, da dare, ta haƙa rami a yashi ta zuba ƙwai wajen 100 ta rufe ta koma ruwa, ba ta ƙara waiwayarsu. Bayan kamar wata biyu su ƙyanƙyashe su nufi ruwa da gudu, tsuntsaye da ƙaguwa suna tsintarsu a hanya. Abin da ya fi ba ni mamaki wallahi, wadda ta tsira bayan shekaru masu yawa tana yawo sai ta dawo yankin da aka ƙyanƙyashe ta don ta yi nata ƙwan, ikon Allah. Zafin yashin ma shi ke raba jinsi, in ya yi zafi sosai mata sun fi yawa.

Akwai su a Najeriya?

Akwai, suna ƙwai a gaɓar Legas da Akassa ta jihar Bayelsa. Amma Gabon ce ta yi suna da manyan nan, koren kuma tsibiran Bijagos na Gini Bisau.

Sauran halittun fa?

Dolfin da manyan wel, dabbobin ruwa masu kama da kifi, suna faɗin teku, su ma iska suke shaƙa kuma shayar da 'ya'yansu suke yi. Ayu da masunta ke ba da labari yana kogin Neja da Binuwai har bakin teku.

Mi ke kashe kunkurun?

Ragar masunta da masu kwashe ƙwai, sai leda. Babban kunkurun abincinsa wata halitta ce mai laushi fara da ake kira jelifish, in ya ga leda tana lilo a ruwa sai ya ɗauka ita ce ya haɗiye, ta toshe masa hanji. Wannan kam yana ƙona min rai, dabbar da ke ratsa teku guda lafiya lau a ce ledar fiyawota ce ajalinta.