Takardar inshorar mota ba ta nuna wa 'yan sanda ba ce kawai

Yawancin direbobinmu sun ɗauka takardar inshora ta ajiya ce a aljihun mota, sai an tare su a shinge su zaro ta. Shi ya sa in mutum ya bugi motar wani, sai ka gan shi yana ba da haƙuri, a ja shi gareji ya biya gyara daga aljihunsa.

Ashe yana da mai biya masa. Inshorar da doka ta wajabta, tun Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta Najeriya, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wanda ka buga har naira miliyan 3. Taka motar kuwa ba ta ciki, wannan sai inshora mai cikakkiyar kariya.

In tsautsayi ya faɗa, ɗauki hotunan motocin kafin a gusar da su, har da lambobinsu, ka karɓi rahoton 'yan sanda, ka sanar da kamfanin inshorar da wuri. Kada a taɓa gyara sai jami'insu ya gani.

Masu cewa "ai ba sa biya" sau da yawa jabu suka saya hannun 'yan kamasho. Duba lambar motarka a NIID, rumbun bayanan inshora na Najeriya da ke intanet, tun yanzu don ka tabbatar taka ba jabu ba ce.