Fara hawan babur a Kaduna

Fara hawan babur shi ne matakin da mutum ke tashi daga keke ko tafiyar ƙasa ya koma sarrafa abin hawa mai inji da taya biyu. A Kaduna, kamar sauran garuruwan Arewa, ba kasafai ake koyon wannan a makarantar tuƙi ba. Yawancin mahaya sun koya ne a hannun yaya, aboki ko bakaniken unguwa, kuma abin da ke kai mutum ga babur bai wuce sha'awar ƙuruciya, nisan wurin aiki ko neman abinci ba.

Asali

A Jamus aka ƙera babur na farko mai shan fetur, a 1885, aikin Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach. Jikinsa katako ne, kuma don gwada inji suka yi shi. Kamfanin Hildebrand da Wolfmüller na Munich ne ya fara ƙera babura da yawa domin sayarwa a 1894. Mahayan farko a Turai 'yan keke ne, kamfanoni irin su Triumph na Ingila ma da keke suka fara kafin su ɗora masa inji. Abin da ya buɗe ƙofa ga talaka a duniya shi ne Honda Super Cub na Japan, wanda ya fito a 1958 ba tare da kulocin hannu ba. Zuwa 2017 an ƙera miliyan 100 daga cikinsa, kuma siffarsa ce ƙananan baburan da ake kira roba-roba suka kwaikwaya.

A Arewacin Nijeriya babur ya fara ne a matsayin abin hawan ma'aikaci: malamin makaranta, malamin gona, malamin asibiti. Ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970 ya sa ma'aikata da yawa suka ajiye keke suka sayi Besfa, Honda, Yamaha ko Suzuki. A Kaduna masaƙun Kakuri, wato Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 da sauran da suka biyo baya, sun tara dubban ma'aikata masu albashi, kuma babur na cikin abin da mai albashi ke fara tanadi dominsa.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya juya lamarin. Mota da kayan gyaranta suka yi tsada, motocin haya suka ragu, sai wanda ke da babur ya fara ɗaukar fasinja bayan an tashi daga aiki. Daga nan acaɓa ta zama sana'a. Shigowar baburan Sin masu araha irin su Jincheng, sannan na Indiya irin su Bajaj Boxer da TVS, ta zo daidai da durƙushewar masaƙun a shekarun 2000, don haka magidanta da yawa da ba su taɓa tunanin wannan sana'a ba suka shige ta da girmansu.

Daga keke zuwa ɗani

Yaron da ya taso a Tudun Wada, Rigasa ko Kawo yakan iya keke tun yana firamare, ko da na haya ne. Wannan shi ne rabin koyon, domin daidaita jiki a kan taya biyu iri ɗaya ne. Sauran rabin yana samuwa ta hanyar ɗani. An aiki yaro ya wanke mashin ɗin babansa, ya tura shi bakin famfo, gobe ya tayar da shi a tsaye, jibi yayansa ya ce masa, "Hau, amma kada ka wuce kwanar can." Yaran bakanike a Panteka da garejin unguwanni su ma haka suke koya, da sunan gwada mashin bayan gyara.

Wanda ya shiga domin sana'a yakan karɓi babur a hannun mai shi, ya riƙa kawo balas kullum ko duk mako, ko kuma a yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan har mashin ya zama nasa. Irin wannan mahayi yakan hau babban titi da fasinja bayan koyon 'yan kwanaki, saboda balas ba ya jiran mutum ya ƙware.

Yadda ake koyon

Hannun dama na riƙe da totur da birkin gaba, hannun hagu kuloci, ƙafar hagu giya, ƙafar dama birkin baya. Ana fara koyo a fili mai tauri, ba mai yashi ba. A tabbatar giya tana firi, a buɗe mai, a ja cok idan da sanyin safiya ne, a taka kik. Sai a matse kuloci gaba ɗaya, a sa giya ta ɗaya, a ɗan murɗa totur, a riƙa sakin kuloci a hankali har a ji mashin ya fara ja. Wannan wurin da kuloci ke fara kamawa shi ne dukkan darasin ranar farko. Wanda ya sake shi gaba ɗaya ba tare da mai ba, inji zai mutu. Wanda ya sake shi da totur a murɗe, mashin zai zabura, jikinsa ya yi baya, hannunsa ya ƙara murɗa totur ba da niyya ba, sai dai a tsince shi a jikin katanga ko cikin kwata. Maganin shi ne a bar yatsu a kan kuloci, da zarar an rikice a matse shi, inji ya rabu da taya.

Jerin giya ba ɗaya ba ne. A wasu babura ta ɗaya ƙasa ake takawa, sauran sama. A wasu duka gefe guda suke. Akwai kuma masu zagayawa, waɗanda daga giyar ƙarshe sai su koma firi. Sabon mahayi da ya ari mashin bai tambaya ba yana iya faɗawa giya ta ɗaya yana cikin gudu, tayar baya ta ƙulle.

Babban aibin koyo a unguwa shi ne tsoron birkin gaba. Ana gaya wa yaro kada ya taɓa shi, wai yana kifar da mutum, har ana samun mashin da aka sassauta masa waya da gangan. Alhali a kan kwalta busasshiya birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa, kusan kashi 70 cikin 100, domin nauyi gaba yake komawa idan an rage gudu. Abin da ke kayar da mutum shi ne cafke shi lokaci guda, ko kama shi a kwana, ko a kan yashin da ruwan damina ke tarawa a gefen titi. Daidai shi ne a kama birkin gaba da na baya tare, a hankali da farko sannan a ƙara, mashin yana miƙe.

Goyo darasi ne daban. Nauyin mutum na biyu yana sauƙaƙa gaban mashin, yana kuma tsawaita nisan tsayawa. Tabon ƙunar salansa a ƙwaurin dama, wanda ake gani a ƙafar mutane da yawa, daga sauka ta gefen da bai dace ba yake samuwa; ta hagu ake hawa, ta hagu ake sauka. Babbar riga, zane ko dogon hijabi kuwa a tattare su, don sarƙa da tayar baya suna kama tufa.

Kula da mashin ɗin farko

Ƙaramin babur mai inji cc 100 zuwa 125 yana cin kusan lita 1 ta baƙin mai. A sabon inji ana juye shi da wuri, wajen kilomita 500 na farko, saboda ɓurɓushin ƙarfe, kuma ba a ƙure masa gudu a wannan lokacin. Sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3. Idan ta yi tauri tana cin haƙoran da take hawa, idan ta saki tana zamewa. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, mashin ya riƙa shan mai, fulogi ya yi baƙi. Fetur na kwalba da aka gauraya ko ya sha ruwa shi ke yawan toshe kabireta.

Doka

Lasisin babur a Nijeriya rukunin A ne, kuma sai mai shekara 18. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano a ranar 1 ga Janairu 2009, ko da yake bin dokar bai yi ƙarko ba. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, Kano ta hana goyo a babur a 2013, sai Jihar Kaduna ta hana acaɓa a manyan garuruwanta a 2014, zamanin Gwamna Mukhtar Ramalan Yero, abin da ya tura matasa da yawa zuwa Keke Napep. A Satumbar 2021 gwamnatin Nasir El-Rufai ta dakatar da hawan babur na wani lokaci, na haya da na gida, saboda 'yan bindiga da ke amfani da shi. Bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 an samu wani rukuni na masu koyo: magidanta da suka ajiye mota a gida suka sayi ƙaramin mashin domin zuwa ofis da kai yara makaranta, wasunsu rabonsu da taya biyu tun keken ƙuruciya.