Me ake nufi da pare down a Ingilishi?

Yaranmu na Nijar da ke koyon Ingilishi tun daga ajin siziyem, wato farkon sakandare, har zuwa jarrabawar BAC, da 'yan kasuwarmu masu zirga-zirgar Kano ta Matamaye ko Magarya, kusan dukansu kalma biyu suka riƙe in za su ce an rage abu, cut da reduce. Ba laifi, ana gane su. Amma akwai wata da nake so mu tsaya kanta sosai don tana yawan fitowa cikin labaran tattalin arziki da takardun ƙungiyoyin agaji, wato pare down.

Asalin pare shi ne fere abu da wuƙa, ka cire ɓawo kaɗan-kaɗan ba tare da ka ci tsokar ba. 'Yar ƙaramar wuƙar da ake fere dankali da ita ma paring knife ake ce mata. To mu da muka yi lekol da Faransanci mun ci riba a nan, don kalmar daga Faransanci ta shiga Ingilishi, parer, kuma har yau a Faransa in mahauci yana cire kitse da jijiya daga nama parer la viande suke cewa. Ka je Kasuwar Dole ta Damagaram ka tsaya gaban mahauci ka ga yadda yake bin cinyar rago yana zare tantani a hankali, naman ya ragu a sikeli amma abin da ya rage shi ne mai kyan, to wannan aikin shi ne pare.

In aka ƙara down sai ma'anar ta bar kicin ta shiga ko'ina. Mai gida da ya zauna da matarsa ana saura wata guda Sallah suka duba kuɗin hannu, suka ce ɗinki kala uku a mayar kala biyu, lemon kwalba a bar shi a yi zoɓo, amma kuɗin hatsi da na makarantar yara ba mai taɓa su, sai a ce they pared down their expenses. Mai aure da ya rage sunayen waɗanda zai gayyata, he pared down the list. Sharaɗin dai a duba kafin a cire, kuma jigon abin ya tsira.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an fassara ta daidai da slash, wallahi ba ɗaya ba ne. Slash zaftarewa ce, sara ɗaya, babu ruwanka da abin da ya faɗi. In jarida ta ce an yi slash ɗin kasafin asibitoci to a shirya jin kuka, in kuwa pared down ta rubuta tana nuna an yi lissafi an zaɓi abin da za a iya haƙura da shi. Mai karatu da bai san bambancin ba zai karanta labari biyu ya ɗauka ɗaya ne.

Tana da 'yan uwa. Trim shi ne rage gefe don abu ya yi kyau, irin na wanzami da gemu. Prune datse rassan itace ne don ya ƙara tofo, a nan kam a yi hattara don prune ɗin Faransanci ɗan itace ne. Whittle down daga sassaƙa ta fito, ana faɗinta in ana tace masu neman aiki har su dawo 'yan kaɗan. Cut back kuma kar ka manta da on in za ka ambaci abin, cut back on sugar, abin da likita ke ce ma mai ciwon suga kenan. Sai taper off, janyewa sannu-sannu har a daina, wannan na asibiti ne sosai, magani irin prednisolone in mutum ya daɗe yana sha ba a yanke shi rana ɗaya, likita ne ke rage shi mataki-mataki.

Wajen furuci pare da pair da pear duk sauti ɗaya ne, kunne ba ya raba su sai rubutu. In aikin ya wuce pared ake rubutawa ba paired ba, don paired haɗa abu biyu ne, kuma wayar salula ba za ta gyara maka ba tunda duka biyun kalmomi ne na gaskiya.